Gawon da Aka Sare da Damina

Kafin ka kira mai zarto ya taɓa bishiyar ƙofar gidanka, zauna ka ji abin da ya faru a wata unguwa da birni ya cinye gonakinta. Gawo ɗaya ne ya rage a wurin, a bakin wani fili, rassansa sun rufe kwanon ɗakin wani tsoho da matarsa. Tsohon ya daɗe da shanyewar ɓarin jiki. Idan bazara ta kama, kwalta ta yi laushi, katangun bulo suna huci har bayan magariba, matar takan jawo shi a kan tabarma zuwa gindin gawon, ta jiƙa zane ta lulluɓe masa ƙafafu. Shi kuma da hannunsa mai lafiya yake tsince mata 'ya'yan gawo saboda akuyarta, aikin da ya rage masa ke nan a duniya, kuma har lokacin amarya yake kiran matar tasa. Sai wani mai hali ya sayi filin. Da damina ya zo dubawa, gari ya yi sanyi, ko'ina kore shar, gawon kaɗai ke tsaye tsirara babu ganye ko ɗaya. Ya ce wannan mataccen icce wata rana zai faɗo masa a kan mota. Matar ta fito ta durƙusa, ta gaya masa haka gawo yake, da damina yake zubar da ganye, da rani yake tofo, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. “Alhaji, ka yi masa haƙuri zuwa kaka, za ka gani da idonka,” in ji ta. Ya dubi agogonsa, ya ce shi bai saya don ya jira ba. Kafin la'asar gawon yana ƙasa.

Ya malale filin da siminti tun daga ƙofa har bango, ya ta da bene, ya juya bayan na'urorin sanyaya ɗakunansa zuwa lungun tsofaffin, suna hura musu iska mai zafi kamar bakin tanda. Da sanyi babu wanda ya lura. Da bazara ta dawo, kwanon ya zama kasko, simintin ya sha rana ya yini yana amayar da ita. Manoman bayan gari suna kwana da bargo a ƙafa, nan kuwa ruwan randa ma ɗumi yake yi. Matar ta yi fifita har kafaɗarta ta sage, ta jiƙa zane, kafin ta juya ya bushe. Ba ta da inda za ta jawo shi. Azumi bai raba tsakiya ba tsohon ya cika, da rana tsaka. Lungun ya matse, don haka ta ƙofar benen aka bi da makara. Mai gidan ya fito zai shiga mota, dole ya tsaya, ya cire hula yana sharce gumi, aka wuce da gawar ta gabansa, ta daidai inda kututturen yake a ƙarƙashin siminti.

To, kai ma yanzu damina ce, kana ganin inuwa ba ta da rana. Hausawa dai sun ce wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.