Hatimin da Zuliha Ta Hana

Rana ta take lokacin da Maharazu, malamin gona na Kadawa, ya jingine babur ɗinsa a ƙofar asibiti. Zuliha, ma'aikaciyar jinyar da zai aura bayan kakar tumatir, tana ganin fuskarsa ta san da magana.

An zaɓe shi ya je tsibiran Filifin koyon noman shinkafa, jibi jirgi zai tashi. Sai cutar shawara ta ɓarke a nan gida, hukumar tsibiran ta ce ba mai shigar mata sai wanda allurar rigakafinsa ta kwana goma a jiki. Shi kuwa ba a yi masa ba.

Ya ajiye katin rigakafinsa a gabanta. "Ki buga min hatimi, ki mayar da kwanan watan baya. Wa zai sani?"

Ta dubi katin, ta dube shi. "Ni zan sani, Malam."

"Haba Zuliha! Ko dai so kike kada in tafi?"

Maganar ta soke ta. Ta kafe shi da ido har sai da ya kau da kai.

"Da riƙe ka nake so, da ban ɗinka maka rigunan tafiya ba. Amma ba da hannuna za ka kai wa mutane ciwo ba."

Ta jefa hatimin a aljihun tebur, ta kulle.

Ya fita a fusace. Tana ji ya tada babur, ya kashe. Can sai ga shi a bakin ƙofa yana naɗe hannun riga, ko kallonta bai yi ba.

"Yi min allurar," ya ce. "Jirgin ya tafi abinsa."