Ƙarfen Hana Dariya

Tun da gwamnati ta saƙala wa kowa ƙarfe a wuya, har sojojinta, mai dariya lantarki ke kayar da shi.

Ran nan a kasuwa, wani soja ya tarwatsa ƙwaryar nonon Inna Dudu Bafulatana, ya fasa bakin ɗanta da gindin bindiga, wai ya murmusa. Zai ƙara, Inna ta hango tsagen Barebari a kumatun sojan.

"Kai, bawana! Wa ya ara maka takalmi? Kakanka satar fura ta sa muka kore shi."

Wasan barkwancin kakanni ba ya barin jini, 'ya'yana. Sojan ya cije leɓe, sai dariya ta kuɓuce masa. Ya faɗi cikin nonon yana shure-shure, wuyansa na hayaƙi.

Inna ta janye ɗanta. Mu kuwa muka cusa mayafi a baki.