Tashar Alƙali Stroud

Tun kafin a buɗe kotu Alƙali Lemuel Stroud ya iso, ya zauna a bencin gaba yana murza gashin baki. Shekara goma sha huɗu ya yi a kan kujerar can ta sama kafin ya sauka. Yau shi ne mai ƙara, kuma shi zai tsaya wa kansa. Wa zai ɗauka lauya a garin Bledsoe? Duk a gabansa suka koyi ɗaura wando.

Maganar ba ta da tsawo. Kamfanin jirgin ƙasa na neman ruwa, kuma duk faɗin kwarin babu idon ruwan da ba ya ƙafewa sai na gonar da matarsa Orpha ta gada wajen mahaifinta, tsoho Vance. Kamfani ya yi masa alkawari, in gona ta samu, tashar da za a gina sunansa za ta ci. Tashar Stroud. Mutum ya doshi saba'in ba ɗa ba jika, allon sunan tashar nan shi ne kaɗai abin da zai bari a duniya, ga shi har an shafa masa fenti. Ya sa hannu a takardar cinikin gonar ko shawara bai yi ba. Da ma'aikatan kamfani suka je awo, Orpha ta sa makiyayanta suka raka su bakin hanya da bindiga.

Dokar yankin kuwa ba ta da kwana-kwana, abin da mace ta mallaka na mijinta ne. Shi da kansa ya yanke wa mata fiye da ashirin wannan hukunci, ko gezau.

Masu dogon tunani ba su manta yadda ya shigo garin ba, a kan gurguwar alfadara, da littafin doka guda ɗaya wanda ɓera ya cinye rabinsa. Baki ne Allah ya ba shi, shi ke nan. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono, don haka tun da ya auri Orpha ita ke kwafe masa kowace takarda. Shanunta ɗari biyu ya sayar, ya shayar da masu zaɓe giya har suka tura shi majalisar yanki, bai ce mata ko sannu ba.

Zaman majalisar nan shi ne abin tutiyarsa, wanda bai ji labarin sau goma ba baƙo ne. A ranar rufe zama ya shigo da damin ƙudurori talatin da ɗaya, ya sa aka wuce da su kafin abincin rana. Akwai na gina gada, na kuɗin fito, na sauya wa wani suna, na raba aure, tun da a lokacin majalisa ke yin wannan, na hana aladu yawo a titi. Magatakarda lamba kawai yake kira, 'yan majalisa na ɗaga hannu suna hamma. Shi kansa bai duba ko ɗaya ba. Karatu, in ji shi, aikin ƙananan ma'aikata ne. Bayan wasu makonni tsofaffin abokan zama suka riƙa kama hannunsa suna cewa sai haƙuri, shi kuwa ya ɗauka wahalar da ya sha wa jama'a suke nufi.

A shekarar ce Orpha ta tattara ta koma gona. Ya ce yaji ne, babba irinsa kuma ba ya zuwa biko. Yakan leƙa ranar Kirsimeti, a kawo masa gahawa a baranda, ya sha ya dawo gari yana ba da labarin yadda ya iya riƙe gida.

Alƙali Pettibone, tsohon magatakardansa, ya hau kujera. Orpha ta zo ba shaida ko ɗaya, sai wani siririn lauya mai suna Dabney, rungume da littafi mai ƙura. Stroud ya dube su ya yi murmushin tausayi. Awa biyu ya yi yana zuba, ya kawo dokar Rumawa, ya kawo Adamu da Hauwa'u, ya kira Orpha baiwar Allah da shekaru suka rikita. Ita dai tana zaune tana cire ƙaya daga safar hannunta.

Dabney ya tashi ya tambayi Stroud ko ya san littafin nan. Ina zai rasa sani? Dokokin zama na goma sha ɗaya ne, yana da irinsa a falo, an yi masa bango da fata.

"Doka ta ashirin da bakwai, ranka ya daɗe, wa ya gabatar da ita?"

"Yaro, duk abin da ya wuce a ranar nan, ni na gabatar."

"Har yau kana kan bakanka?"

"Kalma ɗaya ba zan janye ba. Malam magatakarda, rubuta."

Aka rubuta. Dabney ya buɗe shafin ya miƙa masa. Stroud ya laluba aljihu ya ciro tabarau, a karo na farko a rayuwarsa zai karanta dokar da ya yi.

"Bi ta a hankali, Lemuel," in ji Orpha. "Sau uku na kwafe ta don ta fita da kyau."

Layi huɗu ne kacal. Shekara goma sha tara ke nan da majalisa ta raba auren Lemuel Stroud da Orpha Vance, ta mayar mata da gonar ubanta, bisa roƙon mai girma ɗan majalisa Lemuel Stroud.