Idon Inna Da Maganar Soja

Tunda ka tambaye ni ko mulki yana barin mutum da halinsa, bari in ba ka misali. A wata ƙasa an yi wani ƙaramin hafsan soja, ɗan wata mai sayar da daddawa. Lokacinsa manyan ƙasar ko mura ta kama su sai su hau jirgi su tafi asibitin Turai, talaka kuwa ya kwanta a barandar asibiti babu ko allura. Abin ya daɗe yana cin sa, shi da abokansa na bariki, har wata safiya suka fito da motocin yaƙi suka karɓe mulki. Jama'a suka cika tituna suna murna. Maganar da ya fara yi a rediyo ita ce, daga yau babu mai mulki ko iyalinsa da zai sake fita waje neman magani, inda talaka ya kwanta nan kowa zai kwanta. Ya sa aka sayar da motocin alfarma aka zuba kuɗin a asibitoci, amma gyaran abin da ya daɗe da lalacewa ba aikin damina ɗaya ba ne.

Ana nan sai ciwon ido ya kama mahaifiyarsa, irin mai cin gani a hankali. Likitoci suka ce a waje za a iya ceto idanun duka biyu, a gida kuwa sai abin da Allah ya yi. Abokansa, waɗanda yanzu suka zama ministoci, suka shirya jirgi a asirce, suna cewa uwa ai ba ta cikin doka. Shi kuwa ya san kowannensu yana da nasa majinyacin a gida, jira kawai suke ya buɗe ƙofa su bi bayansa. Ya daina cin abincin kirki, ya rame har kakinsa ya yi masa yawa. Daga ƙarshe ya ce a mayar da jirgin, ya tafi gidan tsohuwar, ya cire takalmi ya durƙusa gefen tabarmarta, ya faɗa mata abin da ya yanke. Ta lalubo kansa ta shafa, ta yi dariya ta ce, “Kai ɗan nan, ranar da ka yi maganar nan, matan unguwa a ɗakina suka saurara, har guɗa suka yi mini. In na je can aka gyara mini ido, da wane idon zan dube su?”

Shi da kansa ya riƙa kai ta asibitin gwamnati, da farar riga ba kaki ba, yana riƙe da hannunta, su zauna a benci tare da kowa har layi ya zo kansu. Likitocin suka yi iya ƙoƙarinsu, idon dama ya tsira, na hagu ya tafi. Ranar da aka kwance mata bandeji, mutumin da bataliyoyi ke ƙame masa ya juya fuska ga bango yana kuka kamar yaro. Tsohuwar ta jawo gefen zanenta ta share masa hawaye, ta ce ya tashi ya koma aiki, ɗayan ya ishe ta tsintar tsakuwa a cikin kalwa. Har ya bar mulki ba a ji wani minista ya tayar da zancen jirgi ba, shi kuma bai taɓa iya duban gefen hagu na fuskarta ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce, alkawari kaya ne.