Ledar da Kafinta Ya Kawo

Kafintan layinmu, aminin marigayi mijina, ya taɓa gyara min kujera kyauta. Yau da hantsi ya yi sallama, kansa a sunkuye, ya miƙo leda. Ƙwayoyin ƙarin jini ne na masu ciki.

Cikina wata biyu ne, ko mahaifiyata ba ta sani ba.

"Malam, wa ya faɗa maka?"

"Shi marigayin, a mafarki." Ya ɗago, ya kalli cikina. "Ya ce ki daina ɗaukar bokiti. In kin sauka lafiya, ni zan riƙe ku."

Na yi a'uziyya, na mayar da hannuna cikin hijabi.

Ranar da maigidana zai cika, abu ɗaya ya roƙe ni: duk abin da amininsa ya kawo, kar in kai bakina.