Wayar Sulaiman a Bayan Katanga

Alhaji Tsoho yana alwalar la'asar a gindin katangar gidansa da ke Yelwa, sai ya jiyo muryar Sulaiman daga waje, sojan ruwan nan da aka sa wa rana da 'yarsa Jawahir. Yaron ya zo hutu daga Legas, inda yake aikin rediyo a jirgi. Layin waya ba kyau, don haka yake ɗaga murya, yana sakin kalma ɗai-ɗai.

"Juliyet. Alfa. Wiski. Alfa. Hotal. Indiya. Romiyo. Ka ji ko in sake?"

Ya kuwa sake, har da gargaɗin kada labarin ya iso gida sai ranar biki.

Alhaji tsohon dillalin shanu ne a kasuwar Mubi, yana alfahari ba a taɓa sayar masa da gurguwa ba. Kafin ya wanke ƙafa ya gama haɗa zancen. Akwai wata Juliyet, akwai giya, akwai hotal. An ɗauko Alfa har biyu, wato malaman Yarbawa, don a ɗaure masa baki. Romiyo ne kawali. In asiri ya tonu, a tsere Indiya.

Washegari ya mayar da kayan sa rana, ya ƙi faɗin dalili. Jawahir ta daina cin abinci, uwarta ta daina yi masa magana.

Ran Asabar dangin Sulaiman suka iso daga Maiha, aka cika zaure. Alhaji ya kira maƙwabcinsa Kalibu, tsohon soja, ya zama shaida. Sannan ya miƙe ya zayyano kalmomin a jere, bai tsallake ko ɗaya ba.

Sulaiman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya ce ai gara ya yi kukan.

"Baba, da mai rubuta suna a zoben amarya nake magana," in ji Sulaiman da ƙyar, yana danne dariya.

Kalibu ya yi gyaran murya. Ya ce masu rediyo, idan layi na ƙara, kowane harafi kalma suke ba shi don kada a rikice. Ya miƙa wa Alhaji sandarsa, ya ce ya zana harafin farko na kowace kalma a ƙasa.

Alhaji ya zana yana huci, ya ja da baya ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji.

Sunan 'yarsa ne.