Yatsun da Suka Saba da Wayar Birki

Yayan mijina, Malam Mantau, shi ya fara ba ni wannan labari, Allah ya jiƙansa. Direba ne, ya daɗe yana jan motar wasu makaɗa tsakanin Maraɗi da Damagaram, don haka abin da ya faɗa a kan makaɗa da idonsa ya gani. Haladu jikana, tunda ba ka zama a yi magana, ga shi na rubuta maka. Ka karanta a hankali. Rubutun na yaƙi da jahilci ne, amma maganar a miƙe take.

Wani saurayi ne a ƙauye, kiɗa ya shiga ransa, ba shi da halin sayen jita. Sai ya samo tsohon galan, ya kafa masa sanda, ya warware wayar birkin keke ya ɗaura a matsayin tsirkiya. Wayar birki kuwa ba ta jin lallashi, sai ka danne ta da dukan ƙarfinka kafin ta yi magana. A haka ya koya, har kan yatsunsa suka yi kanta kamar diddigen manomi. Ya kuwa iya, iyawa ta gaske, mata na tsakar daka su ajiye taɓarya su saurara. Labarinsa ya kai birni, wasu makaɗan biki suka ɗauke shi, suka miƙa masa jita mai lantarki, fara sumul, tsirkiyoyinta sirara kamar gashin jariri. In ya saita ta ya kaɗa tsirkiya hannu a sake, lafiya lau. Da zarar ya ɗora yatsa sai sautin ya yi tsami, ya haura na sauran makaɗa, mawaƙi ya riƙa waiwayowa yana harararsa. Ya ce wuyanta ne ya lanƙwashe, ya murɗa ƙarfen da ke ciki, sai ta koma ziza kamar ƙuda a kwalba. Ya ɗaga tsirkiyoyin sama, tsamin ya ƙaru. Ya ce to kamfanin ne bai iya aiki ba, ya yi musanya da ta wani kamfani, baƙa. Ita ma haka. Ya sake musanya da wata ja. Daga nan shugaban makaɗan ya kira shi gefe ya ce bikin Asabar shi ne na ƙarshe, in ya sake ɓata wa mawaƙi murya ya koma ga galan ɗinsa.

Ranar bikin da hantsi yana zuba wa abokai shayi, buta ta goce, ya tare ta da hannun hagu. Yatsu suka tashi bororo. Ba halin fasawa, haka ya hau dandali yana taɓa tsirkiya da ƙyar, don ko iska ce ta shafi wurin zafi yake ji. Sai ga sauti yana fita tas, kamar ruwan sabuwar randa. Mawaƙi ya waiwayo, wannan karon da murmushi. Ashe duk ukun nan ba wadda ta yi masa laifi. Siririyar tsirkiya in ka danne ta da ƙarfi miƙewa take yi, muryarta ta haura. Shi ya shigo birni, hannunsa bai san an bar ƙauye ba. Da ƙunar ta warke sai da ya yi wata da watanni yana koya wa yatsunsa sassauci, kuma da jar nan ya tsufa.

To, angona, jiya da la'asar ka shigo kana huci, wai jitarka ba ta saituwa duk da ka kwance nan ka murɗa can, wai kamfaninta na banza ne, har ka yi ciniki da wani zai zo ya ɗauka ka sayo ta wani kamfani. Ni ban san jita ba, amma ina da ido. Kai birkila ne, yini kake kana ɗaga bulo, ka dawo ka cafki wuyan abar nan kamar ka kama ɓarawo a kasuwa. Ina kallo farcenka har fari yake yi. Ba iyawa ce ba ka da ita ba. Ranar sunan ɗiyar maƙwabciyarmu Tambai, da ka kaɗa da tsohuwar jitar katakon nan ta aro, ina cikin mata ina gaya wa kowa jikana ne, har Tambai ta ce, "Inna, a bari mu ji kiɗan mana." Ban bari ba. Kakanka ko tafi bai iya yi daidai ba, ban san inda ka gado ba, amma Allah ya ba ka.

Yau da safe, bayan ka fita aiki, mutumin ya zo a kan babur. Ya tarar da ni a ƙofar ɗakinka ina tsintar wake. Ya ce, "Iya, na zo ɗaukar kayan Haladu." Na ce, "Ɗan nan, an fasa. Ka gaida mutan gida." Ya ce ai sun gama magana. Na ce, "Da shi ka gama, ba da ni ba." Jitar tana kan gadona, na lulluɓe ta da zanen Sallata. Ka kai ta wurin mai gyara ya mayar da duk abin da ka kwance, ka sassauta hannu ka gani. In ta ci gaba da tsami, ni da kaina zan raka ka kasuwa. Amma ka tuna, Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.